Katifa ta uku ta lotsa a gefen maigida: mai tauri za mu saya ko ta lateks?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Unguwar Dosa, nan Kaduna, shekararmu tara da aure. Maigidana mutum ne mai jiki, nauyinsa ya kai kilo 120, ni kuwa ban wuce 60 ba. Katifar da aka kawo ni da ita ba ta cika shekara uku ba ta yi rami a gefensa. Muka sauya, ita ma haka. Wadda muke kai yanzu inci 18 ce, don kaurinta ya saya, ga shi ita ma ta lotsa. Da dare sai in riƙa gangarawa wajensa, shi kuma da asuba sai ya dafe ƙugu kafin ya miƙe. A gefe yake kwana. Yanzu abokansa sun ce ya nemi otofidik mafi tauri da ke shago. Na taɓa kwana a irinta a gidan yayata, na tashi kafaɗata ta yi tsami. Ƙanina kuma ya haɗa ni da wani mai sayar da ta lateks a Legas, wai hawa-hawa ake haɗa ta, mai saye ne zai zaɓi taurin kowane hawa. Ya turo mini lambobi, ban gane komai ba, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. Ga shi ina jin nauyin yi wa maigida maganar, don da na taɓo zancen katifa sai ya ɗauka ƙibarsa nake goranta masa. Yaya zan yi?

Maman Abba, Unguwar Dosa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin a kai ga wadda za a saya, ɗaga wannan da kuke kai ki leƙa ƙarƙashinta. Gadaje masu girman ƙafa shida-shida da ake yi mana a gari, da yawansu falanki biyar ko shida ne kawai aka jera, tsakanin wannan da wancan sai ki zura hannu biyu, kuma ba ƙafa ko ɗaya a tsakiya. Ku biyu kilo 180 ne, ban da yaron da zai lallaɓo cikin dare. Falankin yakan lanƙwashe a hankali, katifa ta bi shi, sai a yi ta tsine wa mai katifa. Ki sauke ta a tsakar ɗaki, ki ja igiya daga wannan gefe zuwa wancan ta bi ta inda ƙugunsa ke sauka, ki auna tazarar da ke tsakanin igiyar da katifa. In a ƙasa ma ramin ya kai inci ɗaya da rabi ba kowa a kai, soson ya mutu, ba gyara. In kuwa ta miƙe sarai a ƙasa, laifin gado ne. Ko wanne ne, a kira kafinta ko a je kasuwar Panteka a sa wa gadon doguwar sanda mai ƙarfi a tsakiya, daga kai zuwa ƙafa, da ƙafafu biyu ko uku masu taɓa ƙasa, a ƙara falankai har tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce inci uku ba. Lateks ya fi soso buƙatar wannan, don yana da nauyi kuma yana bin duk wani gurbi da ya samu. Masu shimfiɗa filawud sukutum su sa a huda masa ramuka, in ba haka ba da damina laima za ta taru a ƙarƙashi.

Zancen inci 18 kuwa, maigida ba shi kaɗai ya faɗa ciki ba. A Kaduna da tsayi ake yabon katifa, musamman ta amarya, 'yan ganin ɗaki su shigo su ga sai an yi tsalle kafin a hau. Amma tsayi ba ya ɗaukar mutum. Abin da ke sa soso ya daɗe shi ne cikarsa, wato yawan kayan da aka zuba a cikinsa, abin da masu shago ke kira dansiti. Ana auna shi da kilo nawa soso mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi yake yi. Soso mai 18 ko 20 yawancinsa iska ce, yana iya yin tauri a hannu ranar da aka saya, amma kumfar cikinsa tana karyewa da wuri a ƙarƙashin mai nauyi. Wa maigidanki, kada a sauka ƙasa da 30, in an samu 35 ya fi. Kuma ba sai kin dogara da bakin yaron shago ba, sikeli zai gaya miki. Katifar soso zalla mai ƙafa shida-shida da kaurin inci takwas, in 18 ce za ta yi wajen kilo 12, in 30 ce wajen kilo 20, in 35 ce wajen 24, sai ɗan abin da rigarta ta ƙara. Duk katifar da kika ga yaro ɗaya ya ɗora a ka yana tafiya yana waya, ba taku ba ce.

To, otofidik. Yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna a nan gutsattsarin soso ne aka niƙa, aka haɗa da gam, aka matse da inji ya zama dunƙule. Ba abin rainawa ba ne, yana da nauyi, yana da ƙarko, ba ya saurin lotsawa, kuma nan gaba za ki ga inda zan ce a yi amfani da shi. Inda na saɓa da abokan maigida shi ne a ce jikin mutum ya kwanta a kansa kai tsaye. Mai kwana a gefe, kafaɗarsa da ƙugunsa ne ke ɗauke da shi. In ba su ɗan nutsa ba, kwiɓinsa yana rataye a iska, ƙashin bayansa ya karkace, hannun da ya danne ya mutu, sai ya kwana yana juyi. A 2003 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Sifen a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Aka ba wasu katifa mai tauri, wasu mai matsakaicin tauri, ba tare da an gaya musu wace ce ba. Bayan kwana 90, masu matsakaiciyar su suka fi samun sauƙi. Don haka tsamin kafaɗar da kika ji a gidan yayarki ba shagwaɓa ba ce.

Sai dai akwai inda abokan suka yi gaskiya, kuma ki riƙe shi. Matsakaici a wajenki ba matsakaici ba ne a wajensa. Katifar da za ki ji ta da ɗan tauri, shi zai ji ta da laushi, domin ya ninka ki nauyi, yana ratsa hawan sama ya isa na ƙasa. Abin da jikinsa ke nema abu biyu ne a lokaci guda: ƙarfi a ƙasa wanda zai hana ƙugu zurmawa, da ɗan sassauci a sama wanda zai karɓi kafaɗa. Dunƙulen soso guda ba ya iya ba da duka biyun. Wannan shi ne amfanin katifa mai hawa-hawa da ƙaninki ya gano, kuma yaron ya yi tunani.

Lateks ruwan bishiyar roba ne, farin nan da ake tsaga jikinta ya ɗiga a kofi. Muna da gonakinta a Edo da Delta da Kuros Riba, har da cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin, amma Tailan ce kan gaba a duniya wajen nomanta, kuma soson lateks na katifa galibi daga waje ake shigo da shi, shi ya sa kuɗinsa ke bin dala. Hanya biyu ake sarrafa shi. Ta farko ita ce Dunlop, wadda aka ƙirƙiro a kamfanin Dunlop na Ingila a 1929: a kaɗa ruwan ya yi kumfa, a cika mazubi da shi, a gasa. Ta biyu Talalay: a zuba kaɗan a mazubi, a zuƙe iska ya kumbura ya cika, a daskarar da shi, sannan a gasa. Na Dunlop ya fi cika da nauyi, na Talalay ya fi sakwatawa, kamar dai wainar gero da funkason da ya tashi sosai. Talalay ya fi tsada. Wa mai kilo 120, hawan ƙasa da na tsakiya Dunlop za a sa, ba ma sai an yi shawara ba. Na sama ne ake iya sa Talalay in aljihu ya yarda, in bai yarda ba Dunlop ɗin ma ya wadatar, ni ma shi na fi natsuwa da shi ga mai jiki.

Lambobin da aka turo miki ɗaya ne cikin biyu. In kin ga haruffan ILD da lamba kamar 19, 28, 36 ko 44, ma'aunin tauri ne: nauyin da ake buƙata, da ma'aunin fam na Amurka, kafin a danne soso mai kaurin inci huɗu ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Daga 19 zuwa 24 laushi ne, 28 zuwa 32 matsakaici, 36 zuwa 40 tauri, 44 tauri sosai. In kuwa kin ga 65, 75, 85, 95, wannan dansiti ne, kuma a lateks na Dunlop yana tafiya tare da tauri: 65 laushi, 75 matsakaici, 85 tauri, 95 tauri sosai. Matsakaicin wannan kamfani ba lallai ya zo daidai da na wancan ba, saboda haka kada ki karɓi kalmar "matsakaici" kawai daga mai sayarwa, ya rubuto lambar.

Ga yadda zan haɗa wa maigida, hawa uku, kowane inci uku. Na ƙasa mafi tauri, 44 ko dansiti 95. Na tsakiya 36 zuwa 40, ko 85. Na sama matsakaici, 28 zuwa 32, ko 75. Inci tara ke nan, kuma shi ne mafi ƙanƙanta da zan yarda da shi, in da hali a ƙara hawa na huɗu mai tauri a ƙasa ya zama sha biyu. Kada a bar mai sayarwa ya lallashe shi da hawan sama mai laushi don ya ji daɗinsa a hannu. Mai laushi a ƙarƙashin mutum irinsa matsewa yake yi gaba ɗaya, sai ya zama a kan na tsakiya yake kwance, an biya kuɗin inci uku a banza, kuma shi zai fara mutuwa. Kada kuma a ninka kaurin na saman ya kai inci shida da sunan ƙarin daɗi, ƙugu zai nutse ya fi kafaɗa, a koma gidan jiya. Da a ce rigingine ko rub-da-ciki yake kwana, da na ce a ƙara wa na saman tauri. Tunda mai kwanan gefe ne, matsakaicin ya tsaya.

Ke kuwa wannan haɗin zai yi miki tauri. Naki: tauri a ƙasa, matsakaici a tsakiya, laushi a sama. Abin da ya fi burge ni a irin wannan katifa shi ne ana iya raba kowane hawa gida biyu a tsaye, ƙafa uku nasa, ƙafa uku naki, a zuba su a riga guda mai zif. Lateks ba ya zamewa a kan ɗan'uwansa, yana kama juna, kuma in rigar ta matse su da kyau tsagar tsakiya ba ta cika damun kowa ba. Gangarawar da kike yi za ta ragu sosai. In bayan mako biyu ko uku ya ce ƙugunsa na nutsawa, a zuge zif a sauya jerin hawan, in ya ce kafaɗa na ciwo a gwada masa naki na sama. Ku dai ba jiki lokaci, wanda ya shekara yana kwana a rami yakan ji miƙaƙƙiyar katifa baƙuwa a makon farko. Kuma bayan wasu shekaru, in na samansa ya gaji, shi kaɗai za a sauya, ba katifar duka ba. Ki tambayi mutumin Legas ko yana rabawa. In ya ce a manne hawan suke da gam, to rabin dalilin sayenta ya tafi.

In kuɗin inci tara na lateks zalla ya fi ƙarfinku, kuma ba abin kunya ba ne a wannan zamani, ga hanyar da ni zan fi ba yawancin gidaje shawara a kai. Ku sayi ƙasan a nan Kaduna: wannan otofidik ɗin da abokai ke so, ko soso mai dansiti 35, kaurin inci shida zuwa takwas. Shagunan dillalan manyan kamfanoni suna nan a titin Ahmadu Bello da kewayen kasuwar Sheikh Gumi, kamfanin katifa na Mouka ma yana da masana'anta a garin nan, ba sai an yi oda daga nesa ba. Ki duba tambarin MANCAP na hukumar SON mai kula da ingancin kaya a jiki, ki karɓi rasit da katin garanti. Sannan a sayo lateks hawa ɗaya tak, inci uku, a ɗora a kai, rabinsa matsakaici nasa, rabinsa laushi naki. Tela mai ɗinkin kujeru zai yi muku riga mai zif da yadin auduga mai kauri. Kashi ɗaya cikin uku na lateks ɗin kuka saya, amma shi ne kashin da jiki ke taɓawa. Maigida ya samu otofidik ɗinsa, bai ƙi maganar abokai ba, ke kuma kafaɗarki ta huta. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ɗora sabon lateks a kan tsohuwar da ta yi rami, zai bi ramin ne kawai.

Sayen abu daga nesa sai da lura. Akwai lateks na bishiya zalla, akwai na haɗi da ake yi da sinadarin man fetur, akwai gaurayen biyun, sannan akwai katifar da aka rubuta wa lateks a jiki alhali ɗan siririn hawa ne a saman soso. Ki ce ya gaya miki wanne ne, ya turo takardar shaida in yana da ita, irin su GOLS ko OEKO-TEX. Ki ce ya ɗauki bidiyo yana ɗora hawan a sikeli. Mai ƙafa shida-shida da kaurin inci uku, in lateks mai tauri ne, zai yi wajen kilo 20 ko ya ɗan haura, soso mai wannan girman kuwa kilo biyar zuwa takwas ne. Na gaske yana da ƙananan ramuka jere a jikinsa, yana warin roba kaɗan, in kin danna kin saki nan take yake dawowa. Mai dawowa a hankali yana barin shatin hannu wani soso ne daban, kuma ba na son shi wa mai jiki a zafin Maris da Afrilu, yana riƙe ɗumi, juyi a kansa ma aiki ne. Ki nemi ya aiko ɗan yanki na kowane tauri ta mota kafin ku biya, ku kuma yi yarjejeniya a rubuce cewa za a iya musanya hawa ɗaya in bai dace ba.

Wanda za a saya a nan kuwa, sai an kwanta a kai. Na san maza ba sa son miƙewa a shago mutane na kallo, sai su danna da hannu su ce ta yi. Hannu ba kilo 120 ba ne. Ya kwanta a gefensa kamar yadda ya saba, ya yi kwata guda, ke ki tsaya ta bayansa ki dubi layin bayansa daga wuya zuwa ƙugu. In ya miƙe, ta yi. In tsakiya ya lotsa, ta yi laushi. In kafaɗa ta tokare wuya ya karkace, ta yi tauri.

Batun yadda za ki tunkare shi, cire ƙiba daga zancen kwata-kwata. Ya san nauyinsa, ba ya buƙatar tuni, kuma mutumin da katifa uku suka lotsa a gefensa yana jin abin a ransa ko bai faɗa ba. Ki sa shi ya riƙe ɗaya bakin igiyar ranar da za ki auna, ya ga falankin da idonsa. Ki kawo maganar ta gefenki: ba kya samun barci, kina gangarawa, mai tauri zalla tana sa miki ciwon kafaɗa, ga kuɗin da aka zubar sau uku. Duk gaskiya ne, kuma babu wanda ya taɓa shi. In akwai maganar rage jiki, wannan wata rana ce daban, kada ki haɗa su a zama ɗaya. Amma ki sa ido a kan abu biyu. Ciwon da katifa ke jawowa yakan saki bayan an tashi an ɗan motsa. In nasa yana wuni, ko yana sauka ƙafa da tsami ko mutuwar jiki, ya ga likita, ga asibitin Barau Dikko nan, ga asibitin 44. Haka in yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa ya farka a firgice, yana gyangyaɗi da rana, wannan ba aikin katifa ba ne, kuma yana da alaƙa da hawan jini. In kuma a gidan akwai wanda safar hannu ta roba ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi, a tambayi likita kafin a shigo da lateks.

Wasu ɗabi'unmu za ki bari in ya iso. Kada a shanya shi a rana, rana na busar da roba ta riƙa marmashewa, in ana so ya sha iska a jingine shi a inuwa. Kada a yayyafa masa kananzir don kuɗin cizo, kananzir na cin roba. Kada a yi guga a kai. A cire ledar da ya zo da ita, masu barin leda don kada katifa ta tsufa su ne ke kwana cikin gumi, a maimakonta a sa shimfiɗar nan mai hana ruwa saboda yara, sannan zanin gado na auduga. Wajen ɗagawa mutum biyu, kuma ba a jan sa ta kusurwa, yagewa yake yi, naɗe shi ake yi ko a girgiza shi ya zauna. Duk wata uku zuwa shida a juya kai ya koma ƙafa, kowa da rabinsa. Sannan ki sake masa filo. Mai faɗin kafaɗa da ke kwana a gefe yana buƙatar filo mai tudu da ɗan tauri wanda zai cike tsakanin kunne da kafaɗa, wani ƙarami kuma tsakanin gwiwoyi. Wannan tun yau za ki iya yi, kafin kafinta ya zo.